Ɓera Ya Yi Iyo, Saura Mutum: Itatuwanmu da Ciwon Damuwa

Ranar kasuwar Madawa, tsakanin masu tabarmin kaba da tulin buhunan albasa, akwai wani dattijo mai magani da kan shimfiɗa buhu ya baje kayansa: sassaƙe ɗauri-ɗauri, saiwoyi, ƙulle-ƙullen gari a leda. Ina tsugune a gabansa ina cinikin bagaruwa sai ga wata tsohuwa. Ta gaishe shi, ta rage murya.

"Malam, matar ɗana ce. Tun da ta haihu, shi ko yana Abijan wajen bida, ba ta ci, ba ta kwana, ba ta magana. Jinjiri na kuka, ita ta zura wa bango ido."

"Tana faɗuwa, Inna? Tana sambatu?"

"Ko kusa."

"To, ba iska ba ne. Tunani ne." Ya ƙulla mata magani kashi biyu, na jiƙo da na hayaƙi, sannan ya ce, "Kada ku bar yarinyar ita kaɗai cikin ɗaki."

Ban yi taku ashirin ba na iske wani saurayi da lasifika a kan mota yana ɗaga kwalba. Basir, sanyi, damuwa, rashin barci, duk maganinsu na cikin kwalba guda. Abin da ya fi nanatawa shi ne, "An gwada shi a jami'a!"

Dattijon bai ce an gwada nasa ko'ina ba, gado ya yi. Saurayin kuwa ya ari bakin masana ya ci musu albasa. Gaskiya ne ana gwada itatuwanmu a jami'o'i, har an samu sakamako mai ƙarfafa gwiwa. Sai dai kusan duk gwajin a kan ɓeraye aka yi shi. Abin tambaya shi ne: me ɓera, ko kusu kamar yadda muke ce masa a nan, zai iya gaya mana game da ciwon matar ɗan tsohuwar nan, kuma a ina iyakar saninsa ta tsaya?

Ciwon da ba ya fitar da jini

Baƙin ciki ba ciwo ba ne; wanda aka yi wa rasuwa ko gonarsa ta ƙone dole ransa ya ɓaci. Abin da likitoci ke kira ciwon damuwa shi ne ƙuncin rai ko mutuwar sha'awar komai da ya kai mako biyu ko fiye, kusan kullum, har ya hana mutum harkokinsa. Yakan zo da rashin barci ko yawansa, rashin cin abinci, kasala, ganin kai ba a bakin komai ba, wani lokaci da tunanin gara mutuwa. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta masu fama da shi sun kai miliyan 280, mata sun fi maza, kuma cikin masu ciki da masu jego ya haura kashi 10 cikin ɗari. A ƙasashe marasa ƙarfi, fiye da kashi 75 cikin ɗari na masu irin wannan lalura ba su samun wata kulawa ta asibiti.

A ƙasarmu ba kasafai mutum kan ce "ina da damuwa" ba. Ta jiki yake bi: jikina ya mutu, ƙirjina ya yi nauyi, tsakar kaina na zafi. Masu hura wutar ciwon kuwa kowa ya san su daga Madawa zuwa Buza da Kaita. Maza su tafi bida Abijan, Najeriya ko Libiya, su bar mata da yara da surukai shekara da shekaru. Albasa ta faɗi bayan an ci bashin iri da taki da man injin ban-ruwa. Damina ta zo da zazzaɓin cizon sauro da tamowa, uwa ta yi mako biyu zaune a gefen gadon ɗanta a asibitin Madawa. Ƙwararrun likitocin ƙwaƙwalwa kuwa ƴan kaɗan ne a Nijar, yawancinsu a Yamai, inda babban asibitin ƙasa yake da sashen nan da ake kira Pavillon E, kimanin kilomita 500 daga nan. Shi ya sa ƙofar farko ta malam ce, ko boka, ko mai sassaƙe.

Sanin da aka gada

Wannan sani ba na raini ba ne, kuma wani sashensa yana rubuce. A 1972 masana uku daga Faransa, cikinsu har da Nicole Echard wadda ta daɗe tana nazarin bori a ƙasar Adar, suka wallafa dogon aiki kan itatuwan magani na Hausawan Adar, da sunayensu da yadda ake amfani da su. A 1980 ayarin Farfesa Edouard Adjanohoun, ɗan ƙasar Benin, ya fitar da kundin tsirran magani na Nijar baki ɗaya.

Tarihi kuma ya nuna itace na iya ba da maganin ƙwaƙwalwa na gaske. Mutanen Indiya sun yi ɗaruruwan shekaru suna ba masu taɓin hankali saiwar wani tsiro da masana ke kira Rauwolfia, kafin a 1952 wani kamfani a Suwizalan ya tace sinadarin reserpine daga cikinta. Ya kwantar da masu hauka, ya sauke hawan jini. Amma likitoci suka lura wasu masu shansa sun faɗa cikin matsananciyar damuwa. Saiwa ɗaya ta zama magani ga wani, masifa ga wani. Irin wannan ne ya sa ba a yarda a fara da mutum. Sai an bi ta kan dabba.

Yadda ake tambayar ɓera

Mai bincike kan fara da yawo wajen masu magani, ya tambayi abin da suke bayarwa. Ya samo sassaƙen ko ganyen, masanin tsirrai ya tabbatar masa da sunansa, ya shanya a inuwa, ya daka, ya jiƙa garin cikin ruwa ko, galibi, cikin sinadarin metanol. Ya tace, ya bar ruwan ya tsotse har sai wani abu mai danƙo ya rage. Wannan shi ne tataccen magani. Da farko akan auna dafinsa, a ga yawan da zai kashe ɓera, sannan a zaɓi awon da ke ƙasa da haka nesa.

Labarin zuciya a tambayi fuska, in ji Bahaushe. To ɓera ba shi da fuskar da za a karanta, ba shi da bakin da zai ce ransa ya yi baƙi. Dole aka nemi dabara. Wadda ta fi shahara ita ce ta Roger Porsolt, wanda ya fito da ita a Faransa a 1977. Akan zuba ruwa a doguwar kwalba mai faɗin baki, yadda ƙafar ɓera ba za ta taɓa ƙasa ba, kuma ba zai iya hawa ya fita ba. A saka shi minti 6. Da farko zai yi ta fafutuka, yana kartar gilashi, yana kewaye. Can sai ya daina, ya yi lamo a kan ruwa, hancinsa kaɗai a sama. Mai bincike na riƙe da agogo, yana ƙirga daƙiƙoƙin lamon a minti 4 na ƙarshe. An lura cewa ɓeran da aka ba maganin damuwa na asibiti, irin su imipramine da fluoxetine, yakan daɗe yana fafutuka. Saboda haka duk tataccen itacen da ya rage lamo akan ce yana da alamar aiki irin nasu.

A 1985 aka ƙara wata dabarar: a manne wutsiyar ɓera a rataye shi kai ƙasa, a ƙirga lokacin da ya saki jiki. Ta uku, wadda Paul Willner ya kafa a Birtaniya a 1987, ta fi kusa da rayuwar mutum. Akan yi makonni ana takura wa ɓera da ƙananan fitintinu da bai san lokacin zuwansu ba: yau a karkata kejinsa, gobe a jiƙa shimfiɗarsa, jibi a bar fitila kunne har safe, gata a hana shi abinci ko a raba shi da ƴan'uwansa. Sannan a ajiye masa kwalba biyu, ta ruwa da ta ruwan sukari. Lafiyayyen ɓera zaƙi yake zaɓa. Wanda aka gallaba sai ya daina damuwa da bambancin, kamar mai jegon da aka kawo wa farfesu ta kau da kai. In magani ya maido masa da son zaƙi, an samu abin dubawa.

Abin da aka samu

Wurin da ya fi kusa da mu da ake wannan aiki da gaske shi ne sashen nazarin magunguna na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. A 2017 masu bincike a can suka wallafa abin da suka tattaro daga bakin Hausawa masu maganin gargajiya na jihar Kaduna kan itatuwan da ake ba masu damuwa, sannan suka shiga gwada su ɗaya bayan ɗaya. Sassaƙen kuka na cikin waɗanda suka fi jan hankali. A rahotonsu na 2019 sun ce tataccensa ya sauƙaƙa alamun damuwa a ɓerayen da aka daɗe ana takura wa, tare da sauyi a sinadarin tashin hankali na jini da wani sinadarin da ke raya jijiyoyin ƙwaƙwalwa.

Ba kuka kaɗai ba. Cibiyar binciken magunguna ta Najeriya da ke Abuja ta yi shekaru tana nazarin sassaƙen gamji, wanda masu magani ke ba masu farfaɗiya da taɓin hankali da rashin barci, kuma ta tabbatar yana taɓa ƙwaƙwalwar ɓera. A 2006 an ba da rahoton cewa saiwar sanya, wadda muke wa kirari da uwar magunguna, ta rage lamon ɓeraye a ruwa. A Indiya an samu makamancin haka da ganyen zogale, tamakkarmu ta kwaɗo.

Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ya nuna kakanninmu ba ganye kawai suke tsinka ba. Akwai abin da ke aiki a ciki. Amma ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa.

Kama da wane ba wane ba ne

Matsala ta farko tana cikin kwalbar ruwan kanta. Wa ya ce ɓeran da ya yi lamo ya fid da rai ne? Masana da dama, musamman a Holan, sun kawo hujja cewa wayo ne: ya gane ba mafita, ya adana ƙarfinsa. Haka kuma duk abin da ke zaburar da jiki yana rage lamo, har da sinadarin da ke cikin goro da gahawa. Ka ɗura wa ɓera ruwan goro, zai iya cin wannan jarrabawa, alhali da goro na warkar da damuwa da babu mai ita a ƙasar Hausa. Masu bincike na ƙwarai kan ƙara gwajin yawo a fili don su raba magani da zabura, amma ko hakan bai rufe ƙofar shakka ba. A 2024 gwamnatin Birtaniya ta sanar cewa ba za ta ƙara yarda a ɗauki gwajin iyo a matsayin kwatancin ciwon damuwa na mutum ba.

Ta biyu lokaci ne. A kwalba, magani kan nuna aikinsa cikin awa guda. A jikin mutum, maganin damuwa kan ɗauki mako 2 zuwa 6 kafin a ga sauƙi. Abin da ake aunawa a ɓera ke nan ba lalle ne shi ne abin da ke warkar da mutum ba.

Ta uku, abin da ɓera ya sha ba shi ne abin da tsohuwar kasuwa ta kai gida ba. Mai magani da ruwa yake jiƙawa, wani lokaci da kanwa, ko a zuba a kunu. Metanol yana janyo sinadaran da ruwa ba ya janyowa, kuma sau da yawa allura ake yi wa ɓera a ciki, maganin bai bi ta hanji ba. Ga kuma batun awo. A ce an ba ɓera miligiram 500 kan kowane kilo na nauyinsa. Ƙa'idar da masana ke bi ita ce a raba da kimanin 12 don a samu na mutum, wato wajen miligiram 40. Mace mai kilo 60 za ta buƙaci kusan giram biyu da rabi na tataccen magani kullum. In a ce kilo guda na sassaƙe giram 100 yake bayarwa, giram 25 ke nan na busasshen sassaƙe kowace rana, wata da watanni. Wa ya auna abin da hakan zai yi wa hanta da ƙoda, ko jinjirin da ke shan nono? Bayan haka, kukar da ta tsiro a fadamar Majiya da wadda ta tsiro a kan dutsen Kaita ba ƙarfinsu ɗaya ba, haka sassaƙen rani da na damina.

Ta huɗu, yawancin gwaje-gwajen nan ƙanana ne, ɓeraye biyar zuwa takwas a rukuni, galibi maza, alhali ciwon ya fi kama mata. Gwajin da bai ba da komai ba kuma ba kasafai ake buga shi ba, sai mai karatu ya ɗauka duk itacen da aka taɓa ya ci. Manyan kamfanonin duniya ma sun sha wannan ɗaci: magunguna da yawa sun haye kan ɓera lafiya, suka zo kan mutum suka faɗi. Cikin goma da suka kai matakin gwajin mutane, kusan tara ba su isa kanti.

Biyun da suka ƙetare

Akwai tsirrai da suka wuce ɓera suka kai ga mutum, kuma labarinsu darasi ne. Na farko wata ciyawa ce ta Turai mai fure ruwan ɗorawa, masana na ce mata Hypericum, Faransawa kuma millepertuis. A 2008 ƙungiyar Cochrane ta haɗa gwaje-gwaje 29 da aka yi kan mutane fiye da 5,000, ta ce ciyawar ta fi ƙwayar wofi, wato wadda babu magani a cikinta, kuma ta yi kafaɗa da kafaɗa da maganin asibiti, da ƙarancin illa. Amma sakamakon ya fi kyau a ƙasashen da ke magana da Jamusanci, wani babban gwaji da aka buga a Amurka a 2002 kuwa bai ga ta fi ƙwayar wofi ba. Abin da ya fi tayar da hankali shi ne ciyawar tana sa hanta ta riƙa ƙone wasu magunguna da sauri, har ta karya ƙarfin ƙwayar tazarar haihuwa, da wasu magungunan ƙanjamau, da na hana daskarewar jini. Ba a kwalbar iyo aka gano wannan ba. A jikin marasa lafiya aka gan shi.

Na biyu za'afaran ne. Tun wajen 2004 likitoci a Teheran ke gwada shi, miligiram 30 a rana tsawon mako 6, suna kwatanta shi da imipramine da fluoxetine, kuma ya yi rawar gani. Sai dai gwaje-gwajen na mutum talatin ne ko arba'in, mafi yawansu daga ƙasa ɗaya, wadda kuma ita ce kan gaba wajen noma shi.

Namu ma suna da nasu kaifin. Saiwar sanya guba ce in ta yi yawa, masu magani na asali sun san haka. Zaƙami kuwa kowa ya ga yadda yake haukata samari. Cewar abu daga daji ya fito ba ta wanke shi.

Abin da ya rage gare mu

Ni dai ina ganin itatuwan nan sun cancanci a bi su har ƙarshe, kada a tsaya a ɓera a buga takarda a samu ƙarin girma. Bin su kuwa yana nufin a gwada jiƙon ruwa yadda ake shansa a gida, a auna illarsa ta watanni, a daidaita ƙarfinsa, sannan a gwada shi kan mutanen da suka yarda, bisa ƙa'ida, ba tare da majinyaci ko likita ya san wa ya sha magani wa ya sha ƙwayar wofi ba. Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai da ta Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi suna da sassan lafiya, Zariya da Sakkwato ba su da nisa, masu maganin gargajiya na Nijar suna da ƙungiyarsu. Sama da shekara hamsin ke nan da rubuta itatuwan Adar. Dattawan da suka ba da labarin sun kau, na yanzu ma suna tafiya da nasu.

Akwai kuma dajin kansa. Tun 1975 aka fara dasa layukan dogon yaro a kwarin Majiya ta wajen Buza don karya iska, a 1984 kuma aikin Kaita ya soma, aka dasa miliyoyin itatuwa a ƙasar da ta riga ta zama faƙo. Mutanen nan sun san da wace wahala itace ke girma. In gobe lasifika ta ce sassaƙen kuka na maganin damuwa, kukokin da ke ba mu miya ne za a feɗe, kuma sanya da ake tono saiwarta da wuya ta sake tsirowa.

Kafin a kai can, mai jego irin wadda aka zo nema wa magani ba za ta jira ɓera ba. A kai ta likita mafi kusa a duba ta, don ƙarancin jini da zazzaɓi da ciwon maƙoƙo duk suna kawo mutuwar jiki mai kama da damuwa. Magunguna irin su amitriptyline da fluoxetine suna cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya, ba su da tsada, an kuma san awonsu da illarsu. Wanda ke shan jiƙo ya faɗa wa ma'aikacin lafiya, kada ya haɗa a ɓoye. Wanda ya fara zancen mutuwa kuwa, a ranar za a kai shi, ba sai kasuwa ta sake ci ba.

A Zimbabwe, inda sunan ciwon a harshen Shona yake nufin yawan tunani, likita Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata su zauna a benci a harabar asibiti suna sauraren masu damuwa, suna taya su warware matsala ɗaya bayan ɗaya. Gwajin da aka buga a 2016, kan mutum fiye da 500, ya nuna sauƙi bayyananne. Na tuna dattijon kasuwa da na karanta wannan. Ƙullin jiƙonsa har yanzu yana jiran hukunci. Amma a ɗakin bincike, in ana so a karya ran ɓera, ɗaya daga cikin hanyoyin shi ne a ware shi a keji shi kaɗai. Cikin abubuwa uku da tsohuwar ta tafi da su gida, wanda ya riga ya samu shaida shi ne wanda bai karɓi ko dala a kansa ba.